GISHIRI YA SAN HANYA, ALLURA FA?

Ya ku 'yan'uwa na rassan Tanut, Tasawa, Madawa, Ƙwanni, Magarya, Dakwaro da Ingal! Wannan takarda a karanta ta da ƙarfi a taron reshe ranar kasuwa, domin wanda bai iya karatu ba ya ji da kunnensa. In an gama a miƙa wa reshe na gaba.

Maganarmu ta yau ta yara ce, da allurar rigakafi, da yadda ake rabonta a ƙasar nan. Mun ɗauki Bilma don misali, gama a can ne rabon ya fi fitowa fili. Amma duk wanda ke zaune nesa da kwalta ya saurara da kyau, labarin gidansa ne ake bayarwa.

INA BILMA TAKE?

Babu mai dabba a ƙasar Hausa da bai san gishirin Balma ba. Kantun da kuke ajiye wa shanu da raƙuma su lasa, da bezar da ake sa wa miya, daga ramukan Kalala suke fitowa, a gindin dutsen Kawar. Shekaru ɗaruruwa ke nan ayarin Abzinawa ke tashi daga Azbin bayan damina, ya ratsa Tenere, ya sauka Fashi, ya wuce Bilma, tafiyar mako biyu zuwa uku, kimanin kilomita 600 daga Agadas. Su kai gero, su ɗauko gishiri da dabino, su gangaro da su Damargu da Damagaram da Maraɗi har Kano. Barebari da Tubawa suna haƙa, Buzaye suna ɗauka, Hausawa suna saye suna sayarwa. Ba a taɓa jin madugu ya ce bana hanya ta yi nisa, a haƙura da gishiri ba.

Gundumar Bilma ta fi ƙasar Gana faɗi, amma a ƙidayar 2012 mutanenta ba su kai 20,000 ba, suna warwatse a Bilma, Dirku, Fashi, Jado, Sigidin, Shirfa, Anai da ƙananan zanguna. Ruwan sama da ƙyar yake kai milimita 20 a shekara. Da bazara zafi yakan wuce awo 45. Kwalta ba ta je can ba. Faransawa sun kafa barikinsu a Bilma tun 1906. Fiye da shekara ɗari ke nan da hukuma ta san garin.

ABIN DA LISSAFI YA NUNA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin yi wa yara rigakafi a 1974, Nijar ta soma nata a 1987. Aikin ya yi amfani, kada kowa ya ruɗe ku. A binciken 1992 an tarar cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 318 ba sa kaiwa shekara 5. A binciken 2012 lissafin ya sauko 127. Allura na cikin manyan dalilai, tare da gidan sauro da ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye da maganin kyauta ga yara da aka kafa a 2006. Shan-inna na daji bai sake kama yaro a Nijar ba tun 2012, kuma a 2020 aka shaida cewa ya bar Afirka.

To, amma ku duba yadda aka yi rabon. A wannan bincike na 2012, cikin yara 100 masu shekara ɗaya zuwa biyu, 52 ne kaɗai suka sami cikakkiyar allura a ƙasa baki ɗaya. A Yamai kusan 73. A Doso 61. A Tawa 47. A Difa 42. A Damagaram 41. Watau yaron Yamai da yaron Damagaram tuta ɗaya, haraji ɗaya, amma damar tsira daga ƙyanda ba ɗaya ba.

Ku leƙa kudu, wajen 'yan'uwanmu na Najeriya. A binciken 2018 jihar Anambra tana da 76 cikin 100, jihar Sakkwato tana da 5. Biyar, jama'a! Ƙasa ɗaya, ma'aikata ɗaya, allura iri ɗaya. Duk inda kuka duba tsarin ɗaya ne: kusa da fadar mulki da tashar jirgi allura ta wadata, nesa da su ta ƙaranta. Sa'an nan cuta ta biyo ta karɓi bashinta. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Kano, a 2023 ya kama yara a Matamai ta jihar Damagaram. Mashaƙo cuta ce da allura uku a watannin farko na jariri suke tare ta. Inda ta ɓarke, ba sai an faɗa muku ba, an bar yara babu waɗannan ukun.

YARON DA BA A ƘIRGA BA

Wani ma'aikaci zai ɗauko takarda ya ce, ai jihar Agadas tana da 66 cikin 100, ta fi Maraɗi, ta fi Tawa, mene ne abin kuka? Ga amsarsa. Kusan rabin mutanen jihar Agadas a birni suke, a Agadas da Arlit da Cirozerin, kusa da asibiti da lantarki. In ka haɗa yaron birnin Agadas da yaron zango a bayan Fashi ka fitar da lamba ɗaya, kamar ka haɗa kuɗin attajiri da na almajirinsa ne ka raba biyu, ka ce duk suna da hali.

Abin da ya fi wannan muni, manyan bincike-binciken gidaje na ƙasa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, sun tsallake gundumar Bilma ɗungum. Dalilin da akan rubuta: hanya da wuya, mutane kaɗan. Ashe lambar da ake nuna mana ta jihar ce ban da Kawar. Yaron da ba a ƙirga ba, ba a yi masa tanadin kwalba, ba a yi masa tanadin mai, in ya mutu ma ba ya rage lambar kowa.

Har wa yau, shekara da shekaru ana ta auna bukata da ƙidayar 2012, alhali a 2014 aka gano zinariya a Jado, dubban mutane suka kwarara can daga Cadi da Sudan da kowane lungu na Nijar. Ga kuma hanyar Libiya, daga Agadas zuwa Dirku zuwa Sigidin zuwa Madama, wadda matafiya na Afirka ta Yamma duka suke bi. Kawar ba ta rufe ba ce, mararraba ce. Kowace mota tana sauke mutane, tana sauke tarinsu da zazzaɓinsu.

A nan haɗarin yake. Ƙyanda tafi kowace cutar yara saurin yaɗuwa: mai ita ɗaya yana iya shafa wa mutum 12 zuwa 18 cikin waɗanda ba su da kariya. Don haka sai an yi wa yara 95 cikin 100 allura, har sau biyu, kafin a toshe mata hanya. A babban birni takan zaga kowace shekara biyu ko uku, kamar yadda ta kama fiye da mutum 10,000 a Yamai a 2003 zuwa 2004. A ƙaramin gari na nesa kuwa sai ta yi shekaru ba ta zo ba, yara marasa kariya su taru, na goye da na yaye da 'yan makaranta, ranar da baƙo ya shigo da ita ta kwashe su gaba ɗaya kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Haka aka yi a tsibiran Fiji a 1875, inda jirgin ruwa ɗaya ya kai ta, ta kashe kusan mutum 40,000. Nisa ba kariya ba ce. Jinkiri ne kawai, kuma bashin yana ƙara nauyi.

HUJJA TA FARI: WAI NISA

Kullum aka yi maganar Kawar, amsar farko ita ce nisa. Bari mu auna wannan nisa.

Zamanin Turawa, da mai karɓar haraji da mai ƙwace raƙuma sun san hanyar Bilma. Bayan 'yanci, in gwamnati ta so ta jefa ɗan siyasa inda ba a jin muryarsa, Bilma da Dawo Timmi ake kai shi, kuma ba a taɓa fasa kai fursuna don rashin mai ba. A shekarun 1980 'yan tseren motoci na Faris zuwa Dakar sun ratsa Tenere sun kwana Dirku, da jiragensu da likitocinsu da ruwan sanyinsu. A 2014 sojan Faransa suka kafa sansani a Madama, gaba da Bilma da nisa, ana kai musu abinci ta sama. Amurka ta kashe fiye da dala miliyan 100 ta gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas, kafin sojanta su fita a 2024. Filin jirgi na nan a Dirku, tafiyar ƙasa da kilomita 50 daga Bilma.

An shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit domin yuraniyom ya fita, wanda aka soma haƙa a 1971 yana haska biranen Faransa. An binne bututu kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa bakin teku a Benin, mai ya soma gudana a 2024. Duk abin da ke ƙarƙashin rairayi an samar masa hanyar fita. Abin da ke bisa rairayi, watau ɗan Adam, shi ne ake ce wa ya yi nisa. Kwalbar allurar ƙyanda ta yara 10 ba ta kai babban yatsa ba. Shin ta fi kantun gishiri nauyi ne, ko ta fi gangar mai?

HUJJA TA BIYU: WAI ZAFI

Gaskiya ne yawancin allurai sai an riƙe su tsakanin awo 2 da 8 na sanyi, daga ma'ajin Yamai har zuwa cinyar jariri. Tsakanin Yamai da Agadas kusan kilomita 1,000 ne, sa'an nan a fuskanci Tenere. In firji ya mutu a hanya allura ta lalace, ko da idonka bai ga alama ba. Ba mu raina wannan wahala ba.

Amma ku tambayi tsofaffinku masu tabon lamba a damtse. A 1967 aka soma yaƙin agana da ƙyanda a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijar. Ma'aikata suna bin ƙauyuka da kasuwanni da rijiyoyi, da bindigar allura wadda ake takawa da ƙafa, da firji mai aiki da kananzir. Cikin shekara uku da rabi aka yi wa fiye da mutum miliyan 100 lamba. A watan Mayu na 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a yankin, a 1980 aka shaida ta ƙare a duniya. A lokacin babu wayar hannu, babu kwalta sai kaɗan. Yau akwai firji mai aiki da hasken rana, ba ya son mai, ba ya son batir. Kawar kuwa in akwai abin da Allah ya wadata ta da shi bayan gishiri da dabino, rana ce.

Ga wani misali. A watan Disamba na 2010 aka fito da sabuwar allurar sanƙarau a Burkina Faso da Mali da Nijar, wadda aka ƙera a Indiya, kuɗinta bai kai rabin dalar Amurka ba. Irin sanƙarau ɗin da ta nufa, wanda ya addabe mu shekara da shekaru, ya kusa ɓacewa. A 2012 a Banikwara ta arewacin Benin aka yi wa fiye da mutum 150,000 ita ba tare da ƙanƙara ba, gama an tabbatar tana jure zafin awo 40 har kwana huɗu. Da aka so, an samo dabara. Zafin rana bai sake ba daga 1967 zuwa yau. Niyya ce ke hawa tana sauka.

HUJJA TA UKU: WAI MUTANE KAƊAN NE

Masu lissafi suna cewa kuɗin da za a kashe a kai wa yaro ɗaya allura a Jado ya isa a yi wa yara da yawa a Mirriya ko Madarunfa, kuma mafi yawan yaran da ba su da allura a jihohin Damagaram da Maraɗi da Tawa suke, inda jama'a ta taru. Wannan lissafi daidai ne, kuma mu ne farkon masu cewa a cika wa waɗannan jihohi haƙƙinsu. Amma wa ya ce sai an zaɓa? Ranar zaɓe akwatin ƙuri'a yana isa Fashi. Ranar da aka zana taswira, iyakar ƙasa ta haɗa da Jado, kuma ana tura samari su mutu a kanta. Ƙasar da ta ce rairayin nata ne, yaran da ke wasa a kansa ma nata ne. Ba a karɓi ƙuri'ar uba da harajinsa ba, sa'an nan a ce ɗansa ya yi tsada.

Ku dubi yadda aikin yake a ƙasa. Jariri yana bukatar zuwa sau biyar a shekararsa ta fari: ranar haihuwa don tarin fuka da ɗigon shan-inna, sa'an nan a mako 6 da 10 da 14 don allurar nan mai tare cuta biyar, sa'an nan a wata 9 don ƙyanda da shawara. A shekara ta biyu ya koma a maimaita ta ƙyanda. A tsarin ma'aikatar lafiya, wanda ke cikin kilomita 5 shi zai zo asibiti, na kilomita 5 zuwa 15 a bi shi da babur, na gaba da haka a tura masa mota. Kusan rabin mutanen Nijar sun fi kilomita 5 nesa da ɗakin magani. To, in kuɗin mai bai zo ba, wanne ake fara sokewa? Motar na nesa. In malamin asibiti ɗaya ne a gari, ya tafi Agadas karɓar kaya ko albashi, ƙofa a rufe take har ya komo.

Ga kuma maganar kwalba. Ta ƙyanda ta yara 10 ce, ta tarin fuka ta yara 20, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta, bayan awa 6 sai zubarwa. Malamin da ake tuhuma in ya yi asara yakan ce wa uwar da ta zo da yaro ɗaya ta dawo ranar da yara suka taru. A birni yara sukan taru kowace safiya. A ƙaramin zango yaushe za su taru? Uwa ta yi tafiyar yini a kan jaki, an ce ta koma. Sau nawa za ta dawo? Akwai asibitin gunduma a Bilma, akwai ɗakunan magani a manyan garuruwan Kawar, kuma akwai ma'aikata da ke haƙuri da zafi da kaɗaici suna aiki, muna yi musu jinjina. Laifin na tsarin da aka ɗinka a kan awon birni ne, aka ce kowa ya sa.

Abin kunya ma, dabba takan riga ɗa samun allura. Tun 1962 aka yi gangamin yi wa shanu rigakafin bushiya a ƙasashen tafkin Cadi, a 2011 aka shaida ta ƙare a duniya. A shekara ta 2000 masu bincike a Cadi sun tarar a rugagen da suka duba shanu sun sha allura, amma babu yaro ko ɗaya mai cikakkiya. Sai aka haɗa likitan dabbobi da malamin asibiti a mota ɗaya, kuɗin mai ya ragu, yara suka samu. A nan gida ma, kowace shekara a taron lasar gishiri na Ingal akan yi wa dabbobi da mutane allura. Abin da ake yi sau ɗaya a shekara gaban manyan baƙi, me ya hana a yi shi kowane wata a bakin rijiya?

HUJJA TA HUƊU: WAI JAHILCIN IYAYE

In duk hujjoji suka ƙare sai a ɗora wa talaka. Wai iyaye ne ba sa so. Bari mu tuna wa masu wannan magana inda tsoro ya samo asali.

A 1995, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Nijar, aka yi wa fiye da mutum 50,000 allurar jabu wadda ta shigo a matsayin kyauta daga Najeriya. Babu magani a cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutuwar mutum 2,500. A 1996 a Kano kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, cikin gwajin da ya haɗa yara 200 masu sanƙarau, 11 suka mutu, shari'a ta yi shekaru kafin a sasanta a 2009. Wannan ba allurar rigakafi ba ce, amma tabon da ya bari ya shafe ta. A 2003 Kano ta dakatar da ɗigon shan-inna har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, Nijar na cikin na farko. Yaran da suka shanye a lokacin yanzu magidanta ne, suna nan a kasuwanninku.

Darasi biyu ne a nan. Na ɗaya ga hukuma: amana in ta zube ba ta kwasuwa da wuri, kuma wanda ke zuwa ƙofar gida da ɗigon shan-inna sau da yawa a shekara, amma ba a ganinsa ranar da yaro ke zazzaɓi, kada ya yi mamaki in an tambaye shi dalili. Na biyu gare mu: masu yawo da jita-jita cewa allura tana hana haihuwa, a tambaye su, ashe Nijar ba ta cikin ƙasashen da suka fi yawan haihuwa a duniya, bayan shekara kusan 40 ana allura? Wanda ya hana matarsa kai jariri, ko ya hana ta kuɗin mota, ya taya azzalumi aiki ne a cikin gidansa. Rigakafi ya fi magani, kakanninmu ne suka faɗa, ba Bature ba.

TUWON MAƘWABCI

Saura magana ɗaya mai ɗaci. Yawancin kuɗin sababbin alluran yaranmu daga waje yake zuwa, ta hannun asusun Gavi da aka kafa a 2000, da UNICEF. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. A Adis Ababa a 2017 suka sake sa hannu cewa kowane yaro zai sami allura. Takardu suna nan a ajiye.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakoki, kayan magani suka maƙale a hanyar Benin wata da watanni, har aka ɗage takunkumi a Fabrairu 2024. A 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, ta kuma ce ta daina ba Gavi kuɗi. Wanda ya dogara da tuwon maƙwabci, ranar da aka yi faɗa da yunwa zai kwana. Kuma in tuwo ya ƙaranta, wanda ke ƙarshen layi shi ke fara rasawa. Kun san wanda ke ƙarshen layi.

An fitar da sojan Faransa a Disamba 2023. A 2025 aka mai da kamfanin yuraniyom na Arlit hannun ƙasa, aka kuma ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Duk wanda ke kiran 'yanci da mulkin kai, ga ma'auni mai sauƙi: kuɗin yuraniyom da mai da zinariya su sayi allurar ɗan ƙasa, su zuba mai a motar da za ta kai ta. 'Yancin da bai kai cinyar jariri a Fashi ba, da sauransa.

ABIN DA MUKE NEMA

1. Kada a sake yin binciken ƙasa a tsallake Bilma. A ƙirga yaran Kawar, da na zanguna, da na wuraren haƙar zinariya.

2. A riƙa bayyana lissafin allura gunduma gunduma, a manna shi a ƙofar asibiti, a karanta a rediyo da Hausa da Barbarci da Tubanci da Buzanci. Lambar jiha tana ɓoye fiye da abin da take nunawa.

3. Kowane ɗakin magani na Kawar ya sami firji mai hasken rana, da mai gyara a cikin gunduma, kada a jira shi daga Yamai.

4. A ware kuɗin mai na motar allura dabam, kada a taɓa shi don wani taro ko rakiyar baƙo. Duk jirgin gwamnati da ayarin soja da ya nufi Dirku ya ɗauki akwatin allura.

5. A ba malaman asibiti umurni a rubuce: a buɗe kwalba ko don yaro ɗaya. Asarar kwalba ta fi asarar ɗa sauƙi. A nemo ƙananan kwalabe na yara 5 domin ƙananan garuruwa.

6. A haɗa allurar dabbobi da ta yara a tafiya ɗaya, a bi rijiyoyi da lokacin cirar dabino da saukar ayari, sa'ad da jama'a ke taruwa da kansu.

7. A ɗauki 'ya'yan Kawar, maza da mata, a koya musu aikin asibiti da ungozoma, su koma gida su yi aiki da harshen iyayensu. Wanda aka turo daga nesa a ƙara masa kuɗin zaman daji, a biya a kan kari.

8. A yanke wani kaso sananne daga kuɗin ma'adinai da mai na arewa, a rubuta shi cikin doka da sunan lafiyar yaran inda aka haƙo su.

AIKIN KOWANE RESHE

Ba mu ce ku zauna ku jira Yamai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kowane reshe ya sami littafi. A bi unguwa gida gida, a rubuta duk yaron da bai kai shekara biyu ba, a duba katinsa. Wanda aka soma aka bari, a raka uwarsa ranar allura. Mata 'yan reshe su ne gaba a wannan aiki, gama su ke shiga inda namiji ba ya shiga.

A rubuta ranar da aka je aka tarar babu allura, ko firji ya mutu, ko an ce a dawo. A rubuta kwanan wata da sunan gari. Ƙorafi da baki iska ce, amma littafi mai kwanan wata ba a musunsa. A kai wa magajin gari da shugaban gunduma, a aiko mana da kwafi.

Allurar yara kyauta ce. Wanda aka nemi kuɗi gare shi ya faɗa wa reshe.

A je wa liman da mai gari da sarkin kasuwa da sarkin tasha cikin ladabi, a roƙe su su yi shela ranar Juma'a da ranar kasuwa. 'Yan reshe masu fatauci zuwa Agadas da Dirku, da direbobin manyan motoci, ku buɗe ido ku buɗe kunne, ku kawo mana labarin abin da kuka gani a Kawar. Ku ne jaridarmu a can.

'Yan'uwa, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙyandar da ta sauka Dirku yau, motar da ta kai ta ita za ta komo da ita Tanut da Tasawa jibi. Mutanen Kawar sun ciyar da dabbobinmu gishiri tun kafin a san Faransa a ƙasar nan. Bashi ne a kanmu, kuma lokacin biya ya yi.

A ƙirga kowane yaro! A kai wa kowane yaro!

Allura ɗaya, haƙƙi ɗaya, daga Gaya har Jado!